Goyo, nono da ruwa: ina "rainon ɗabi'a" ya haɗu da na gargajiya, ina kuma suka raba hanya?

Mai jego a yau murya uku take ji a ɗaki ɗaya. Ma'aikaciyar asibiti ta sallame ta da gargaɗin kada ta ba jariri ko ɗigon ruwa sai ya cika wata shida. Tana isa gida, kaka ko uwar miji ta ce wannan zancen wofi ne, a zafin bazara wa zai hana ɗan mutum ruwa? Ta ɗauki waya, sai ga Baturiya ta ɗaure jariri da ƙyalle mai tsada tana bayanin abin da suke kira rainon ɗabi'a, kuma rabin abin da take faɗa iyayenmu mata sun yi shi shekara da shekaru ba su taɓa raɗa masa suna ba. Daga nan wasu suka yanke cewa Turawa sun dawo hanyar kaka ke nan, don haka duk abin da kaka ta ce daidai ne. Wasu kuma suka ce sabon yayi ne na masu kuɗi. Duka biyun sun kama wani ɓangare na zancen, sun saki saura.

Me kalmar take nufi?

Rainon ɗabi'a suna ne da aka ba wasu halaye na raino da suka yaɗu a Amurka da Turai: a ɗora jariri a jikin uwa da zarar ya faɗo, a shayar da shi duk lokacin da ya nema ba tare da duba agogo ba, a daɗe ana shayarwa, a riƙa ɗaukarsa a jiki, a kwana kusa da shi, a amsa kukansa da wuri. Wasu sukan ƙara da guje wa kunzugun roba, da dafa wa yaro abinci a gida, da barin duka a tarbiyya. Akwai kuma wani reshe mai tsauri da ya kai ga ƙin allurar rigakafi da ƙin haihuwa a asibiti.

Rainon gargajiya shi ne abin da aka gada a gida: goyo, wankan jego, gashin cibiya, aikin wanzami, yaye a gidan kaka. Na uku shi ne shawarar lafiya, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da ma'aikatun lafiya suke bayarwa bisa bincike. Ruɗanin yana zuwa ne saboda ukun sun yi tarayya a wasu wurare, sai a ɗauka sun yi tarayya a ko'ina.

Abin da ya sa Turawa suka koma neman abin da suka yar

A farkon ƙarni na 20 likitocin yara a Amurka da Ingila sun koyar da cewa a shayar da jariri bisa agogo, duk bayan awa uku ko huɗu, idan ya yi kuka a tsakani a ƙyale shi. A 1928 wani masanin halayyar ɗan Adam, John Watson, ya shawarci iyaye kada su rungumi 'ya'yansu ko su ɗora su a cinya, da safe su gaisa da su da musafaha kawai. Kamfanonin madara suka shigo, haihuwa ta koma asibiti inda ake raba uwa da ɗa a ɗakuna daban. Zuwa farkon shekarun 1970, kusan uwa ɗaya ce cikin huɗu a Amurka take ko fara shayarwa.

Martanin wannan ne ya haifi rainon ɗabi'a, kuma Afirka na da hannu a ciki fiye da yadda ake faɗa. Mary Ainsworth, wadda tare da John Bowlby suka kafa nazarin shaƙuwa tsakanin uwa da ɗa, a ƙauyukan da ke kusa da Kampala ta ƙasar Yuganda ta yi bincikenta a 1954 zuwa 1955, tana zama da iyaye mata tana kallon yadda suke da jariransu. Ann Moore, ma'aikaciyar jinya Ba'amurkiya da ta yi aikin sa kai a Togo a farkon shekarun 1960, ganin goyon matan can ne ya sa da ta koma gida ita da mahaifiyarta suka ɗinka jakar goyo mai suna Snugli, wadda ta zama kayan kasuwa. Daga baya likitan yara William Sears da matarsa Martha suka tattara waɗannan halaye suka mai da su tsari mai ƙa'idoji, suka yaɗa shi tun daga shekarun 1980.

Tsarin ya sha suka a can ma. Masu binciken shaƙuwa sun ce abin da nazarin Ainsworth ya nuna shi ne yaro yana samun natsuwa idan mai kula da shi yana fahimtar buƙatarsa yana amsawa, bai nuna cewa sai an bi wasu ƙa'idoji ɗaya bayan ɗaya ba. Marubuciyar Faransa Élisabeth Badinter ta ce tsarin ya jibge wa uwa ita kaɗai dukkan nauyi, ya mai da ita gida. A nan akwai bambanci babba da gidan Bahaushe. Baturiyar da ke rainon ɗabi'a galibi ita ɗaya ce da jaririnta dare da rana. A gidan gargajiya jariri yana yawo daga bayan uwa zuwa na kaka, na goggo, na 'yar raino, wani lokaci har na kishiya. Uwar ɗan fari ma kunya takan hana ta kiran sunansa ko yi masa wasa a gaban mutane, amma yaron bai rasa hannu ba. Abin da Turawa suka kwafa rabin tsarin ne: sun ɗauki zanen goyon, ba su iya ɗaukar dangin ba.

Inda babu gardama

Kan goyo da ɗora jariri a fata, ɓangarorin uku bakinsu ɗaya. Wani gwaji da aka yi a Montiriyal ta Kanada a 1986 ya gano cewa jariran da aka ƙara musu lokacin ɗauka sun rage kuka da kashi 43 cikin 100 a mako na shida. Ga bakwaini kuwa maganar ta wuce ta kuka. A 1978 wani likita a Bogota ta Kolombiya, Edgar Rey, da ya rasa isassun kwalaben ɗumama jarirai, ya fara ɗaure bakwaini tsirara a ƙirjin uwa, fata da fata. Ana kiran wannan rainon kangaru. Wani babban bincike da aka wallafa a 2021, wanda asibitocin koyarwa na Ile-Ife da Kumasi suna cikin waɗanda aka yi shi, ya nuna cewa fara hakan nan take ga jariran da nauyinsu bai kai kilo 1.8 ba ya rage mutuwa da kashi 25 cikin 100. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mai da shi shawara ga kowane bakwaini. Lura dai: wannan a ƙirji ake yi, ba a baya ba, kuma babu riga tsakanin uwa da ɗa.

Gyaran da ma'aikatan lafiya ke yi wa goyo kaɗan ne. Kada hijabi ko mayafi ya rufe fuskar jariri, a tallafi wuyan ƙarami, a yi hattara da shi a bakin murhu da kan babur.

Rikicin ruwa

Nan ne kaka da asibiti suka fi kai ruwa rana. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar tun 2001 ita ce nono zalla wata shida, sannan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara biyu ko fiye. "Zalla" na nufin babu ruwa, babu koko, babu jiƙo, babu madara. Magani da likita ya rubuta, da ɗigon rigakafi, da ruwan gishiri da sukari ga mai gudawa ba sa cikin hanin.

Matsalar Najeriya ba ƙin shayarwa ba ce, domin kusan kowane jariri yana shan nono. Amma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kaɗai na jariran da ba su kai wata shida ba suke kan nono zalla. A 2013 kashi 17 ne. Burin da duniya ta sanya a lokacin shi ne a kai kashi 50 zuwa 2025. Abin da ya fi jawo adadin ƙasa ruwa ne, shi ya sa a 2019 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da gangami na musamman a kan hana ruwa kawai.

Hujjar kaka ba ta wauta ba ce, kuma duk wanda ya raina ta ba zai shawo kanta ba. A al'ada baƙo ruwa ake fara miƙa masa, jariri kuwa baƙo ne. Hana rai ruwa abu ne da ake jin tsoron alhakinsa. Ga zafin Maris da Afrilu a Sakkwato ko Maraɗi da kan haura digiri 40. Sannan tana da shaidar idonta: ta ba 'ya'yanta ruwa, ga su nan sun girma. Abin da wannan shaida ba ta ƙirga ba shi ne yaran da gudawa ta ɗauke a zamanin, waɗanda aka ce kwana ne ya ƙare.

Hujjar likitoci kuma ga yadda take. Fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne, kuma wanda ke fara fita idan yaro ya kama ya fi tsarari, shi ke kashe ƙishi. An auna fitsarin jarirai masu shan nono zalla a ƙasashe masu zafi, aka tarar ba su rasa ruwa a jiki ba. Cikin jariri ƙarami ne, duk wurin da ruwa ya cike nono ya rasa shi. Jikin uwa kuma gwargwadon tsotso yake samar da nono, idan tsotso ya ragu nono ya ragu, sai a ce nononta ba ya isa, a ƙara koko, ya sake raguwa. Ga batun tsabta: ruwan randa, na rijiya, na 'yan garuwa, har da ƙoƙon da aka ɗebo da shi, duk hanya ce ta gudawa. Idan ruwan ya yi yawa ma yakan tsarma gishirin jinin jariri har ya kawo jijjiga. Abin da suke cewa a yi lokacin zafi shi ne uwa ta sha ruwan, ta ƙara yawan ba da nono. Alamar yana ƙoshi ita ce ya jiƙa kunzugu sau shida ko fiye a yini, kuma nauyinsa na hawa a katin awo.

Kusa da wannan akwai daƙashi, nonon farko mai kauri da launin rawaya. A gidaje da yawa ana matse shi a zubar a kan cewa datti ne, a riƙe jariri da ruwan ɗumi, ko ruwan dabino, ko nonon akuya har kwana biyu ko uku. A wasu wurare har gwada nonon ake yi da tururuwa, in ta mutu a ciki a ce nonon mugu ne. A wajen likitoci daƙashi shi ne mafi daraja a duk abin da nono zai fitar, cike yake da sinadaran kariya, kuma ɗan kaɗan ɗin da ke fita daidai yake da cikin jaririn kwana ɗaya. Shi ya sa suke so a sa yaro a nono cikin awa ɗaya da haihuwa.

Tauna dabino a shafa a dasashin jariri ya zo a hadisai ingantattu. Malamai sun yi saɓani ko sunna ce ga kowa ko kuwa ta keɓanta da Annabi (SAW) saboda albarkar yawunsa. A aikace abin da ake shafawa ɗan mitsitsi ne, sau ɗaya, ba shi ne ke rushe shayarwa ba. Damuwar ma'aikatan lafiya ita ce a mai da shi ɗure na kwanaki, ko a musanya dabinon da zuma. Zuma kuwa, duk da albarkarta ga manya, ba a ba yaron da bai shekara ba, domin takan ɗauki ƙwayar wata cuta mai shanye jiki wadda hanjin jariri bai yi ƙarfin kashe ta ba. Wannan misali kaɗai ya isa ya nuna cewa kasancewar abu na asali bai tabbatar da cewa ya dace da jariri ba.

Kwana gado ɗaya

A nan likitocin ne kansu suka rabu. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce a kwana ɗaki ɗaya da jariri aƙalla wata shida, amma kowa da shimfiɗarsa, saboda haɗarin danne shi ko toshe masa numfashi. Masu rainon ɗabi'a, da masana irin su James McKenna, sun ce kwana tare yana sauƙaƙa shayarwar dare, kuma haka ɗan Adam ya taso. Hukumomin lafiya a Birtaniya sun bi tsakiya: sun karɓi cewa iyaye za su yi, sai suka mai da hankali kan yanayin da ya fi haɗari.

Ga iyalin da ke ɗaki ɗaya da gidan sauro ɗaya, shawarar Amurka ba ta da wurin zama, kuma jaririn da aka ware aka bar shi a wajen gidan sauro ya shiga haɗarin maleriya. Abin da za a iya ɗauka shi ne jerin haɗurran: barci da jariri a kan kujera, matashi mai laushi ko bargo mai nauyi kusa da fuskarsa, uwa ko uba mai shan taba, wanda ya sha magani mai sa barci, kwantar da shi tsakanin yayyensa, da jaririn da aka haifa bakwaini. Sai kwanciya rigingine. Iyaye da yawa sun fi son kifa jariri rub da ciki don ya fi daɗewa yana barci, amma ƙasashen da suka yi gangamin kwantar da jarirai rigingine a farkon shekarun 1990 sun ga mutuwar fuju'a cikin barci ta ragu da rabi ko fiye. A hunturu kuma kaskon gawayi a ɗaki rufe yana kashe babba ma, balle jariri.

Wanzami, cibiya da wankan jego

Wasu al'adu babu ɓangaren da ke kare su sai gargajiyar kanta. Cire beli da wanzami ke yi a makon farko yana jawo zubar jini, da shigar ƙwayoyin cuta, da tetanus, kuma likitoci ba su ga cutar da yake magancewa ba. Gasa cibiya da tsumma mai zafi, ko shafa mata toka, man shanu ko man goge baki don ta faɗi da wuri, yana buɗe ƙofar cuta kai tsaye zuwa jini. Madadinsa shi ne man cibiya na kilohezidin, wanda jihar Sakkwato ta fara rabawa a faɗin jiha a 2013. A cibiya kaɗai ake shafa shi, an taɓa samun jariran da suka makance saboda an ɗiga musu shi a ido. Kwalli ma akwai magana: a 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Najeriya a Boston da gubar dalma ta shiga jininsa, da aka auna kwallin da ake sa masa sai aka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce.

Wankan jego labarinsa ya fi sarƙaƙiya. A shekarun 1970 likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, sun ba da rahoton cewa kusan mai jego ɗaya cikin ɗari tana kamuwa da ciwon gazawar zuciya, suka danganta shi da wankan tafasasshen ruwa, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa. An daɗe ana koyar da haka. Amma wani bincike da aka yi a asibitoci da dama a Najeriya ƙarƙashin jagorancin Farfesa Kamilu Karaye na Kano, aka wallafa a 2020, bai sami alaƙa tsakanin ciwon da waɗannan al'adu ba. Abin da ya fito fili shi ne rama, da rashin ilimin boko, da rashin aikin yi, da hawan jini lokacin ciki. Wannan bai wanke tafasasshen ruwa daga ƙuna ba, bai kuma sa kanwa mai yawa ta dace da mai hawan jini ba. Ya dai nuna cewa asibiti ma yakan gyara maganarsa. Kwana arba'in ɗin kuwa, na hutu da ciyarwa da tsohuwa a gefe, shi ne abin da matan Turai ke biyan kuɗi a yi musu kwatankwacinsa.

Kayan kanti ma ba su tsira ba. A 2008 zuwa 2009 yara 84 suka mutu a Najeriya bayan shan maganin haƙori mai suna My Pikin da aka haɗa da sinadari mai lalata ƙoda. Tushen abin shi ne imanin cewa fitar haƙori ke kawo zazzaɓi mai zafi da gudawa, alhali lokacin ne yaro ke fara rarrafe yana kai komai baki. Haka maɗigar da ta faɗa: alama ce ta ruwa ya ƙare a jiki, ruwan gishiri da sukari da asibiti take nema, ba shafe-shafe ba.

Kan rigakafi, reshen rainon ɗabi'a da ke ƙinsa ya dogara sosai da wani rahoto na likitan Birtaniya Andrew Wakefield na 1998, wanda mujallar da ta buga shi ta janye a 2010, shi kuma aka soke masa lasisi. Arewa na da nata tarihin: gwajin maganin Trovan na kamfanin Pfizer a Kano a 1996 ya bar tabo, kuma yana cikin abin da ya ƙarfafa dakatar da rigakafin shan inna a 2003 zuwa 2004, lokacin da cutar ta bazu zuwa wasu ƙasashe. Sai a 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar. Ɓarkewar mashaƙo da ta fi tsanani a Kano daga ƙarshen 2022 ta fi kama yaran da ba a yi wa allura ba. Nono yana rage cututtuka, amma ba ya tsayawa a madadin rigakafin ƙyanda ko mashaƙo.

Yaye

Kan tsawon shayarwa babu saɓani da addini: aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku ga wanda ya so cika shayarwa, daidai da shawarar lafiya. Saɓanin yana kan yadda ake yayen. A al'ada rana ɗaya ake yankewa, a kai yaro gidan kaka, ko a shafa wa nono abu mai ɗaci. Masu rainon ɗabi'a suna barin yaro ya saki da kansa, ko da zai kai shekara uku ko huɗu. Likitoci sun fi son a rage a hankali cikin makonni, bayan yaro ya saba da abinci.

Yayen gaggawa ya fi faruwa idan aka yi kwanika, saboda imanin cewa nonon mai ciki guba ne ga yaro. A likitance mai ciki mai lafiya tana iya ci gaba da shayarwa. Haɗarin yana cikin yankewar. Likita Cicely Williams, da ta yi aiki a ƙasar da ake kira Ghana yanzu, ita ta bayyana cutar kwashiyoko, wani nau'in tamowa, a shekarun 1930, kuma sunan daga harshen Ga ta ɗauko shi, ma'anarsa ciwon da ke kama yaro idan an yi masa ƙane. Mutanen Ankara ta Ghana sun san abin kafin likita ta rubuta shi.

Bayan wata shida matsalar takan juya. Nono kaɗai ya daina isa, abin da ake ƙarawa kuma koko ne tsararo mai cika ciki ba ƙarfi. Binciken 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kashi 57. Gyaran ba sai da gwangwanin kanti ba: kunu mai kauri da gyaɗa ko waken suya, garin busasshen kifi, ƙwai, wake, zogale, ɗan manja. Hana yaro ƙwai don kada ya yi sata na cikin abin da ke kashe wannan gyara.

Wa ke ɗaukar nauyin?

Nono kyauta ne a kuɗi, amma yana cin lokacin uwa: sau takwas zuwa goma sha biyu a yini a makonnin farko. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba mai haihuwa mako 12, da aƙalla rabin albashi, da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa bayan ta koma aiki. Ma'aikatan gwamnatin tarayya suna da mako 16. Legas tun 2014, da Kaduna tun 2019, da wasu jihohi kaɗan sun kai wata shida ga ma'aikatansu. A Nijar mako 14 ne. Wato a mafi yawan wurare ana ce wa uwa wata shida, ana ba ta uku. Mai sana'a a cikin gida ko mai zuwa gona goyo ya raba mata gardama. Wadda ta shiga tsaka mai wuya ita ce malamar makarantar kuɗi, da ɗalibar jami'a, da ma'aikaciyar banki, har da ma'aikaciyar jinyar da ke yi wa wasu wa'azin nono zalla. Rabin awa ba ya kai mace gida ta dawo a cunkoson Kano, sai in akwai ɗakin raino a wurin aikin. Tatsar nono a ajiye tana taimakawa, yana kai kimanin awa huɗu a ɗaki mai sanyi-sanyi, kwana huɗu a firiji, amma firijin sai da wuta.

Madarar gwangwani kuwa jariri yana buƙatar kimanin kilo 20 a wata shida na farko, wato gwangwani 40 masu rabin kilo, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024. Abin da ke biyo baya sananne ne: a tsarma madarar don ta daɗe, ko a koma madarar shayi ta manya, a kwalbar da ba a tafasa ba. Irin wannan ne ya jawo ƙaurace wa kayan Nestlé daga 1977, da ƙa'idar duniya ta 1981 da ta hana tallar madarar jarirai ga jama'a da raba ta kyauta a asibiti, wadda NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, ke da alhakin tsarewa a Najeriya. Duk da haka akwai jariran da madarar ce ceton ransu: wanda uwarsa ta rasu, ko take jinya mai tsanani. Uwa mai ɗauke da HIV kuwa shawarar yanzu ita ce ta sha maganinta ta shayar. Ba wa wata mace ta shayar da maraya hanya ce da addini ya sani, sai dai a yi gwajin jini, a kuma rubuta wa ya sha nonon wa, domin a mazhabar Malikiyya ko sau ɗaya ya sha ya haramta aure.

A ƙarshe mai jego, musamman ta fari da ta je wankan gida, ba ita ke yanke hukunci ba. Ita aka yi wa bayani a wajen awo, amma ƙoƙon ruwan yana hannun kaka, kuɗin wanzami kuma daga aljihun uba yake fita. Shi ya sa shirye-shiryen lafiya suka fara karkata ga waɗannan biyun. A Nijar an kafa makarantun mazaje a jihar Damagaram da tallafin UNFPA, asusun Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan jama'a, tun wajajen 2008, inda magidanta ke zama suna tattauna awon ciki da haihuwa, daga baya tsarin ya bazu zuwa sauran jihohi da wasu ƙasashen yankin. A Najeriya ma gangamin hana ruwa ya sanya kakanni da sarakuna da limamai cikin waɗanda yake nema, kuma gwamnatin tarayya ta amince wa ma'aikatanta maza da hutun haihuwa na kwana 14 a 2021.